Fatahin Wayar Goggo Lantana

Da sunan Mai sama da ƙasa ake buɗe wannan tarihi, domin kada zamani ya binne shi yadda ya saba binne aikin mata. Labarin Barira ne, 'yar Malam Ɗahiru mai gyaran agogo a bakin kasuwar Malumfashi, wanda agogo bai taɓa fita daga hannunsa yana ƙarya ba. Jikar Tabawa mai dakan yaji, wadda in ta ɗaga taɓarya unguwa uku ke atishawa. 'Yar riƙon Goggo Lantana, sarauniyar dambun nama, mai tukunyar da ba ta san hutu ba. Barira zakanyar madannan kwamfuta, mai digiri a ƙasan akwati, wadda dangi suka ce mata boko ba ya tuƙa tuwo, ta ce ita ma ba tuwo ta je koyowa ba.

Musabbabin yaƙin kuwa shi ne, Barira ta buɗe wa Goggo shago a wata kasuwar intanet inda mutanen birni ke odar dambu, kullum ita ke duba kwamfuta ta sanar da Goggo in an yi oda. Sai ga takarda ta iso: an ɗauke ta horo na wata shida a Kaduna, ranar Asabar za a rufe rajista, wanda bai je ba a ba wani gurbinsa. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye ludayi.

"In kin tafi, wa zai gaya mini an yi oda? Aljanu?"

"Wayarki za ta gaya miki, Goggo."

"Wannan 'yar mitsitsiyar? To, ranar da ta gaya mini, ki tafi. In ba ta faɗa ba, ga turmi nan yana jiran ki."

A safiyar Laraba gwarzuwar ta ɗaure ɗankwali ɗaurin da ba a kwancewa sai da galaba, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ɗora kwamfuta a kan kifaffen turmin nan da aka yi mata barazana da shi, ta dubi fagen fama. Dauloli biyu ne a gabanta waɗanda ba su taɓa gaisawa ba. Ta farko kasuwar intanet, mai ɗan aike da ake kira webhuk, wanda da zarar an yi oda yake rugowa da labari duk inda aka nuna masa. Ta biyu kamfanin tura saƙon waya, mai ƙofa da ake kira API, wadda ba ta buɗuwa sai ga mai mabuɗi da ladabin roƙo. Aikin Barira shi ne ta gina zaure a tsakani, ta karɓi labari daga wannan ta miƙa wa waccan, har ya faɗa wayar Goggo.

Ta kai hari na farko da hantsi. Ƙofa ta mayar mata da lamba ɗari huɗu da ɗaya, wadda a harshen waɗannan dauloli ke nufin: ba mu san ki ba. Ta sake kai hari, aka sake cewa ba a san ta ba. Sau goma sha tara aka yi wa 'yar Malam Ɗahiru wannan wulaƙanci a cikin gidansu, kafin ta gano mabuɗin gwaji take ta cusawa a ƙofar gaske.

Ranar Alhamis rundunonin musiba suka yi gangami. Aka ɗauke wuta tun da safe. Rana ta buɗe kamar an yi mata laifi. Kwamfuta ta ɗau zafi har sai da jarumar ta riƙa yi mata fifita da faifai ita tana gumi. Sabis ya yi hijira daga tsakar gida ya koma bayan akurkin kaji, inda ta bi shi ta durƙusa awa biyu, zakara na leƙa allon kamar mai duba aiki. A nan Kawu Hamisu, ƙanen Goggo, ya same ta.

"Har yanzu ana buga wasan? 'Yar nan, da kin kama taɓarya tun yanzu, hannu ya saba."

"Kawu, sai dai ku kama!" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Marubuta sun yi ittifaƙi a kan cewa wannan ne kirari mafi gajarta da aka taɓa yi a bayan akurki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ɗaure zaurenta da daulolin biyu, ta yi odar gwaji da sunanta, ta yi bisimilla ta danna. Duniya ta yi tsit. Sai wayar Goggo ta yi ƙara a gefen zane. Barira ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannu sama, ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai wayar ta sake ƙara. Ta sake. Ta sake. Goggo, wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta nisanta wayar da idonta tana karantawa a hankali.

"Barira tana son dambu roba ɗaya. Barira tana son dambu roba ɗaya. Ke! Ga ki zaune gabana, in dambu kike so ba sai ki buɗe baki ba? Roba talatin da bakwai, cikin wa?"

"Oda ɗaya ce, Goggo. Ɗan aiken ne yake ta dawowa da saƙon, na rasa dalili."

"To da ya kawo, kin amsa masa?"

Barira ta dubi allon kwamfuta, ta girgiza kai.

"Au! Mutum ya yi sallama, kin fizge kaya kin rufe ƙofa, ba ko 'na gani, na gode'? Ai dole ya yi ta dawowa. Haka na rene ki?"

Nan take hijabi ya yaye daga idon zakanya. Ta koma kan turmi, ta rubuta layi guda, wanda ke mayar wa ɗan aike lamba ɗari biyu, ma'ana: saƙo ya iso, koma lafiya. Ta sake danna gwaji. Waya ta yi ƙara sau ɗaya, ta kama bakinta kamar 'yar gidan mutunci. Kafin la'asar sai ga odar gaske daga wata mata a Zariya, roba biyu, ta faɗo da kanta ba wanda ya taɓa kwamfuta. Guɗar da Barira ta rangaɗa a wannan lokaci ta tashi tattabarun maƙwabta, ta sa Kawu Hamisu ya tuna yana da uzuri a kasuwa.

Goggo ta karanta saƙon sau biyu, ta gyaɗa kai.

"Ta faɗa. Je ki haɗa kayanki, Allah Ya yi miki albarka. Ki ɗebi dambu ki tafi da shi, tunda kin nuna kina so."

Jarumar ta durƙusa ta yi godiya, idonta ya ciko, ta tashi ta nufi ɗaki da takun wanda ya ci birni. A bakin ƙofa ta waiwayo don ta yi wa fagen nasararta kallon ƙarshe, sai ta ga Goggo ta danne madannin wayar har fitilarta ta mutu, ta naɗe ta a tsumma, ta saka cikin kwalla ta rufe.

"Goggo, me kike yi?"

"Kashe ta na yi. Abu mai amfani haka, a bar shi a kunne caji ya ƙare?"