Yadda Za Ka Shayar Da Motar Surukinka Man Suya

Jama'ata, ina gaisuwa, ku matso kusa. Yau ilimi na kawo muku kyauta, kuma gwajajje ne, don yayana ya bi shi daki-daki ina tsaye ina kallo. Duk wanda ya bi matakan nan, na yi alkawari zai daina zuwa gidan mai har abada. Yaya ma ya daina.

1. Samo motar da ba taka ba

Kada ka kuskura ka gwada da taka. Ta Yaya tsohuwar bas ce mai shan dizal, surukinsa ya ba shi ya riƙa jigilar kaya yana ciyar da gida. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa: "Ranar da ka yi mata wasa, ranar zan karɓi makullina." Irin wannan motar ake so, wadda abincin 'ya'yanka ke cikinta.

2. Yi karatu mai zurfi

Bidiyo guda a waya ya isa. Wani mai farar riga ya zuba tsohon man suya a tanki, mota ta tashi. Kashe a nan. Sauran bayanin tacewa da sarrafawa da ɗumama mai duk surutu ne. Daga yau ka riƙa cewa "makamashi mai tsafta" ko gaisuwa aka yi maka, har 'yan layi su sa maka suna Farfesa. Ba yabo ba ne, amma ka amsa.

3. Bi masu suya da jarka

"Mai kifi, baƙin man nan fa, zubarwa za ki yi?"

"Me za ka yi da shi? Ko kare ba ya lasa."

"Mota zan ba."

Za ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Allah ya ba ka lafiya." Ka ce amin, ka miƙa jarka.

4. Tace da abin da ke kusa

Yaya da sabon mayafin matarsa Anti ya tace, wai ya fi ƙananan ƙofofi. Ran da jarka ta gaza, ka shiga kicin.

"Baban yara, ina man girkina?"

"Yana can yana ceton duniya."

"To duniyar ta zo ta yi maka miya."

Mai hangen nesa ba ya damuwa don yara sun ci abinci gaya. Mota dai ta ƙoshi.

5. Ci moriya, da sauri

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Baƙin hayaƙi ya ragu, babu bin layin mai, Yaya yana wuce gidan mai yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Salansar motar kuwa ƙamshin soyayyen kifi take fesawa. Magunan unguwa kaf suka dawo kwana ƙarƙashin bas.

Idan mota ta fara tari a hawa, ka ce sabawa take yi. Idan filta ta toshe, canza, ta sake toshewa, sake canzawa. Bakanike zai riƙa ce maka, "Ci gaba, Farfesa, kai ne gaba!" Har fenti ya yi wa shagonsa.

6. Ɗauki mai motar da sanyin safiya

Baba, surukin nasa, zai ga likitan ido, ya ce a kai shi da wuri. Ya shiga gaba, ya jingine sandarsa. Yaya ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa, bas ta yi nishi kamar tsohuwar akuya. Ashe mai ya yi barci a tanki, ya daskare kamar man shafawa.

Kada ka ruɗe. Ruga gida ka ɗauko ruwan zafi ka kwarara wa tanki, kana cewa, "Baba, ku ɗan yi haƙuri, wanka nake mata."

Da ƙyar ta tashi, ta yi aman hayaƙi, ta sake mutuwa. Kuma ka tuna, idon Baba ne ke da matsala, hancinsa garau yake.

"Wa ke suyar kifi da sassafen nan?"

Anti tana bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Baba, motarku ce."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya lalubo makulli, ya zare, ya jefa aljihu. Ya ce wa 'yarsa, "Kira min tasi. Shi kuma ki miƙa masa kasko, tunda suya ya iya."

Yanzu Yaya a ƙafa yake yawo, babu hayaƙi ko kaɗan. Duniya ta tsira.

Gargaɗi: idan ka bi ni injinka ya buga, ko matarka ta tafi da sauran mayafanta, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Ku dai ku faɗa min, da ku ne Yaya, za ku je ku durƙusa wa Baba, ko za ku karɓi kaskon?