Sifikun da Na Zaɓa Kamar Raguna

Shekara ashirin ina sayen raguna a kasuwar Mai'adua. Da na ɗaga dabba na san naman da ke jikinta. Da wannan ilimin na shiga shagon wani Ibo mai sayar da kayan wuta na hannu a Daura, ina neman sifikun da zan haɗa da talabijin, don na gaji da kasa kunne kafin in ji labarai.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, har na kai kan wasu biyu da suka kusa ɓalla mini baya.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, waɗannan ba sa aiki sai da amfilifaya, na'urar da ke ba su ƙarfi. Bari in nuna maka."

Na ce, "Bar shi, Oga. Hannuna ya riga ya gaya mini."

A amalanke aka kawo su gida. Bayan la'asar na tara maƙwabta kallon ƙwallo, na zagaya bayan sifikun zan jona. Babu wayar wuta ko ɗaya, sai 'yan ramuka biyu, ja da baƙi. Na tsuguna ina cusa waya ina gumi har aka tafi hutun rabin lokaci, ko tari ba su yi ba. Malam Sani maƙwabcina ya tambaya a hankali ko gajiyar hanya ce.

Amfilifayar da za ta iya da su, wai sai an kawo daga Legas. Na gaji da zuwa shagon tambaya. Maiɗakina a kansu take ajiye kulolin abinci.

Yanzu a kasuwa, da na sunkuya zan ɗaga rago, sai wani ya ce, "Alhaji, bari ya yi kuka tukuna."