Yadda Za Ka Yi Tattaki Zuwa Kallon Husufin Rana Ka Dawo Ba Ka Ga Komai Ba

Masana sun ce a watan Agusta na 2027 wata zai sake rufe rana ruf, duhun kuma zai bi ta Masar da Saudiyya. Tuni na ji wasu a fadarmu ta shan shayi sun fara tambayar inda ake yin fasfo. To, kai mai niyyar tafiya, zauna tukuna. Ina ba ka tabbacin da ko boka bai isa ya ba ka ba: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka bar gidanka, ka sha zafi, ka isa wurin a kan kari, kuma ka dawo ba ka ga komai ba. Hanyar gwadaddiya ce. Abokin aikina Mushe Gazali (Mushe, wato Malam da Faransanci), malamin kimiyya a wata koleji ta Tasawa, shi ya gwada ta ranar Larabar husufin 2006, ba ta kuma ba shi kunya ba.

Mataki na 1: Ka raina sararin samaniyar gidanku

Wannan shi ne tushe. In rediyo ta ce duhun zai ratsa ta kan garinku, har ta kan rufin ɗakinka, kada ka yarda ka yi murna kamar sauran mutane. Abin da mai tallan ƙosai za ta gani tana zaune gaban kaskonta bai dace da mutumin da ya yi shekara huɗu a jami'a ba.

Samo taswira, samo abin jan layi, ka share mako guda kana lissafi a bayan takardun jarrabawar ɗalibai. Haka Gazali ya yi, har ya gano, bisa lissafinsa, cewa a Tasawa duhun zai yi minti uku da 'yan kai, amma a wani ƙauye da ke bayan Mayahi zai ƙara sakan arba'in. Riƙe wannan adadi da kyau. Sakan arba'in bai isa mutum ya ɗaura rawani ba, amma ya isa ya raba mai ilimi da gama-gari.

Mataki na 2: Ka shelanta wa duniya

Ilimin da ba a ji shi a tasha ba, ɓarnar alli ne. Faɗa a aji, faɗa a fada, faɗa wa mai aski yana riƙe da kunnenka. Sannan ka shiga ofishin darakta ka nemi izinin kwana ɗaya.

Daraktarmu ta lokacin, Madam Hindu, mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronta. Ta saurari Gazali har ya kai aya, sannan ta ce, "Mushe, ranar nan da za ka bi har Mayahi, ba ita ce tamu ta nan ba?"

"Ita ce, Madam. Amma can ne tsakiyar layin."

"To madalla. Je ka. In ka dawo, Jumma'a da safe, sai ka tsaya gaban lakwal duka ka gaya muna abin da muka rasa."

Ka amsa da sauri, kana murmushi, kamar yadda ya yi. Yanzu ka ɗaure kanka da igiyar da ka tufka da hannunka: lakwal duka, wato makarantar, malamai ashirin da ɗalibai ɗari shida, na jiran ka ga abin da idonka, ka zo ka faɗa.

Mataki na 3: Ka yi wa matarka lacca

Je wurin mai walda ka aro baƙin gilashin da yake kare idonsa da shi, ka naɗe a hankici, ka sa a aljihun gaba. Wannan kam gaskiya ce ba wasa ba, wanda ya ƙura wa rana ido tsirara kafin ta rufe duka, sai ya nemi ɗan jagora. Amma kai amfanin gilashin a wurinka shi ne fito da shi a gaban mutane.

Fito da shi gaban matarka. Ɗauko lemo, da ƙwallon goruba, da fitila, ka jera a tabarma ka nuna mata rana da wata da duniya. Matar Gazali, Zara'u, ta kalla har ƙarshe, ta tambaya ko ya gama da lemon.

"Ke ba ki zuwa?" in ji shi. "Garinku ne fa."

Na manta ban gaya maka ba: ƙauyen da lissafi ya faɗa a kansa, ƙauyen surukansa ne. Gazali ya ɗauki wannan a matsayin sa'a, tunda ga masauki, ga fura.

"Ni wanki gare ni Laraba," in ji Zara'u. "Amma Mushe, gidan Baba za ka sauka ka yi kallon sama?"

"Mi ya hana?"

"Ba komi. Ka gaishe su."

Idan matarka ta ce ba komi da irin wannan murya, kada ka tambaye ta dalili. Mutumin da ke tambaya yakan ji amsa, amsa kuma takan ɓata shiri.

Mataki na 4: Ka tafi a ranar, ba kafin ranar ba

Marasa ƙarfin hali su ke tafiya tun jajibiri. Kai ka fito bayan sallar asuba, ka shiga motar da ba ta tashi sai ta cika. Duba agogo. Sake dubawa. Bayyana wa direba cewa wata ba ya jiran kowa.

Direban Gazali, wani Lamine mai tsinken sakace a baki, ya ce, "Mushe, wata bai jira, ni ko ina jiran mutum biyu. Kowa da aikinshi."

In motar ta tashi, sauran fasinja za su tambaye ka ina zuwa, sai ka gaya musu gaskiya. Wata tsohuwa mai kwandon zabi za ta dube ka da tausayi ta ce, "Ɗan nan, ku can Tasawa ba ku da rana ne?" Kada ka ji haushi. Ita ba ta san layi ba.

A Mayahi ka hau kabu-kabu, ka bar shi ya yi ta iyo da kai cikin rairayi. Abin da nake so ka lura da shi a nan: za ka isa. Mutane da yawa suna zaton mota ce ke kayar da mai wannan tafiya. Ko kusa. Gazali ya sauka a ƙofar gidan surukansa da hantsi, saura kusan awa guda duhu ya rufe, sama garau ba ko ɗigon gajimare. Ya ɗora gilashi a ido, ya ga an ɗan gutsuri gefen rana kamar an ciji waina. Ya ce da kansa ya ci nasara. Bar shi ya ce.

Mataki na 5: Ka shiga gaisuwa

Ba a zuwa garin surukai a wuce gona kai tsaye kamar ɓarawon wake. Cire takalmi tun daga nesa. Shiga zaure. Durƙusa.

Yanzu tuna abin da ba a rubuta a taswira ba: suruki ba ya ɗaga kai gaban uban matarsa. Ka zo daga Tasawa domin ka kalli sama, ka kuma zaɓi wuri ɗaya tak a faɗin ƙasar nan inda tarbiyya ta wajabta maka kallon ƙasa.

Malam Bawa, mahaifin Zara'u, dattijo ne mai son gaisuwa ta cika. Ya tambayi lafiyar Zara'u, da yara ɗaya bayan ɗaya, da aiki, da gajiya, da zafi, da mutanen Tasawa. Gazali na ta "lahiya lau, Baba," yana kallon hasken da ke bakin ƙofa yana komawa kamar ruwan tsamiya.

"Lahiya dai, babu aike?"

"Lahiya lau, Baba. Dama husufin nan ne..."

Fuskar tsohon ta washe. Ya juya ga dattawan da ke zaune ya ce, "Kun ji? Tun daga Tasawa, don ya yi sallar husuhi tare da mu. Ku da ke cewa 'yan lakwal ba su san Allah ba!"

Ga dama ta zo ka gyara zance. Kada ka gyara. Ta wane baki za ka gaya wa dattijon da ya gama yabon ka gaban sa'o'insa cewa kai kallo ya kawo ka? Sunkuyar da kai ka karɓi yabon. Karɓi kuma ƙwaryar furar da aka miƙo, domin ƙin ta zagi ne.

Mataki na 6: Ka yarda a sa ka sahun gaba

Da aka yi kiran jama'a, Malam Bawa da kansa ya riƙo hannun surukinsa. Masallacin na ƙasa ne, rufin azara, taga ɗaya ƙarama da ta isa shigar ƙadangare. Jama'a sun cika shi har waje. Waɗanda suka makara, da ragwaye, da marasa kowa, su suka samu filin waje inda sama take a buɗe. Baƙo mai daraja kuwa, aka yi ta buɗa masa hanya har bayan liman.

In ba ka taɓa yin wannan salla ba, raka'a biyu ce, amma kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, kuma ana tsawaita su ƙwarai, karatun a ɓoye. Sallar ba ta da laifi ko kaɗan, waɗanda suka zo dominta sun samu abin da suka zo nema. Kai ne ka shigo da gilashin walda a aljihu.

Gazali ya ba ni labarin da bakinsa, shekaru bayan haka, ranar da zazzaɓi ya sassauta masa girman kai. Ya ce an yi tsayuwar farko har ya zaci ba za a yi ruku'u ba. Liman ya yi kabbara, aka sunkuya. Yana cikin ruku'u, idonsa kan yatsun ƙafarsa, sai ya ga yatsun suna dushewa. Suka ɓace. Sanyi ya shigo ta ƙofa. A waje zakaru suka ruɗe, jaki ya yi kuka, can cikin gidaje mata na salati. Gilashin ya zamo daga aljihu ya faɗi a tabarma, bai isa ya ɗauka ba. Ya ce ya ƙirga a zuci, Allah ya yafe masa, har da sakan arba'in ɗinsa, cif. Sannan yatsun suka dawo, goma, kamar yadda ya bar su.

Bayan sallama Malam Bawa ya tsinci gilashin ya miƙa masa. "Mushe, ga madubinka. Allah shi yi maka albarka, yau ka fid da ni kunya."

Mataki na 7: Ka koma gida ka roƙi abin da ka raina

Za ka iso da la'asar, jiki duk rairayi. Kada ka tambaya nan take. Yi wanka, ci tuwo, sannan ka ce, kamar ba da gangan ba, "Nan kun ɗan ga wani abu?"

Zara'u na ninke kayan da ta wanke. Ta ce da farko inuwar dogon yaron tsakar gida ce ta cika da 'yan ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa, har bisa zanen da ta shanya. Kaji suka shige akurki. Da duhu ya rufe ta ɗaga kai, ta ga kamar an kifa baƙar tukunya a kan farar wuta, hasken na tsiyaya ta gefe ko'ina, ga tauraro ɗaya a kusa, gefen gari kuma ja kamar magariba ta kowace kusurwa. Ta ce ba ta san lokacin da ta zauna a kan turmi tana hawaye ba.

"Can fa?" in ji ta, ba ta ɗago ba. "Baba ya sa ka sahun gaba?"

Ɗauko biro ka ce ta maimaita wurin tukunyar.

Mataki na 8: Ka tsaya gaban jama'a

Jumma'a da safe aka tara lakwal a fili. Ka tuna cewa duk wanda ke tsaye a nan ya ga abin da idonsa, a wannan filin, ta baƙin gilashin da aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu. Mutum ɗaya ne a wurin bai gani ba, shi ne kuma mai jawabi.

Gazali ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kawo jinjirin wata, ya kawo kaji, ya kawo baƙar tukunya, ya yi musu ado da Faransanci. Aka yi ta gyaɗa kai, domin abin da kowa ya gani ke nan. Har an fara tafi, sai Madam Hindu ta ɗaga yatsa.

"Mushe, wannan duka mun gani nan. Sakan arba'in ɗin da ka bi, mi ke cikinsu?"

A nan ne ake gane wanda ya bi matakan nan da zuciya ɗaya. Gazali ya gyara wuyan riga, ya dubi ƙasa, inda ya riga ya saba duba, ya faɗi jimla ɗaya tilo ta gaskiya a duk jawabin.

"Madam, can ya fi duhu."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a ciwon baya, ko kumburin ƙafa, ko dariyar da matarka za ta riƙa yi ita kaɗai a madafa duk ranar da aka ambaci Mayahi. Haka kuma ba ruwansa in surukinka ya ɗauke ka waliyyi, ya shiga aiko maka duk azumi cewa an ajiye maka wurinka a bayan liman. Gazali yana zuwa har yau. Bai samu bakin da zai ce a'a ba.