Ranar Da Na Kai Bindigar Baba Neman Lasisi

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da birai suka sa na zama abin nuni a garin Ƙaraye. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin mulkin soja, watanni kaɗan bayan rasuwar Baba. Ya bar mana gonar masara a Turawa, ya bar mana Inna da ƙannena, ya kuma bar adakarsa, wato doguwar bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Yana raye, ƙararta kawai birai ke ji su bar mana gona. Da suka gane babu shi, sai suka mai da gonar wurin walima. Masarar nan kuwa ita ce abincinmu na shekara.

Na ɗauko bindiga ke nan, Kawu Sale, ƙanen Baba, ya tare ni a zaure.

"Kai, ajiye! Lasisin ubanka ya bi shi kabari. Ba a gadonsa."

Daga nan ruɗewa ta fara. Wani tsohon soja a unguwarmu ya rantse sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Wani ya ce a'a, wannan na manyan bindigogin yaƙi ne. Wani ya ce sai babban sufeton 'yan sanda, aka ce masa wannan kuma na mai baki biyu ne, irin ta masu hali. Ta gargajiya irin tamu, in ji Kawu, daga ofishin 'yan sanda ake farawa, su tura Kano wajen kwamishina. Amma sai na je da dagaci ya shaide ni, sai kuma sun ga bindigar da idonsu.

To, nan kaina ya ƙulle. In ba lasisi, ba a yawo da bindiga. In ba a kai bindiga ba, ba lasisi. (Har yau ban sami wanda ya warware mini wannan ba.) Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na naɗe ta da tsohon bargo don kada siffarta ta fito, na rufa da farin alawayyon da na gani a akwatin Inna, na naɗe duka cikin tabarma, na ɗaure sama da ƙasa. Wallahi har yaba wa kaina na yi.

Dagaci ya riga ni tafiya a kan babur. Ni kuwa na shiga a-kori-kura, na kwantar da kayana a cinya, na rungume da hannu biyu, ina ta gumi don tsoron kada a gane. Ina shiga, hirar mota ta mutu. Wani dattijo ya matsa ya ba ni wuri, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, yaro."

Na ce amin. Ai na saba, tun rasuwar Baba ake yi mini gaisuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ban san ko mutum ɗaya a motar ba. Na ce a raina, ashe Baba ya yi suna haka!

Da muka sauka a tashar Ƙaraye, na saɓa tabarma na miƙi hanya. Na waiga, sai ga mutanen motar a bayana. Mai shayi ya rufe tukunya ya biyo. Tela ya bar kekensa ya biyo. Babu mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. Na ƙara sauri, suka ƙara. Zuciyata ta ce shi ke nan, sun gane, rakiyar ɗan fashi ake yi mini. Wani ƙato ya zo ya ce, "Kawo in karɓe ka, mu ma mu sami lada." Na ƙanƙame na ce na gode. (Lada a ɗaukar bindiga? Ban taɓa jin malamin da ya faɗa ba.)

Mun iso mararraba, jama'a suka karkata hanyar maƙabarta, ni na yi ta ofishin 'yan sanda. Dattijon motar ya riƙo hannuna.

"Yaro, ruɗewa ce. Ga hanya nan."

"Baba, ai wajen 'yan sanda zan kai. Sun ce sai sun gani da idonsu."

"Innalillahi! Kashe shi aka yi?"

Kafin in fahimci tambayar, magana ta zagaye gari. Da muka isa, taron ya ninka, har da masu kuka.

Dagaci yana zaune a benci, ya miƙe a firgice. "Ɗan nan, wa muka rasa bayan fitowata?" Sai a lokacin na kalli abin da ke kafaɗata da idon mutane: tabarma, farin ƙyalle yana leƙowa, ɗauri sama da ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sajan ɗin da ke bakin aiki ya cire hula, ya durƙusa ya kwance tabarma a hankali, ya yaye alawayyo, ya yaye bargo. Ga adakar Baba kwance, har da layarta. Jama'a suka yi ta leƙe. Can mai shayi ya ce, "Ni fa har alwala na yi."

Da aka kori jama'a, Sajan ya zaunar da mu yana danne dariya, ya ce sharuɗɗan ba su da yawa, dagaci ne zai amsa.

"Shekarunsa sun kai?"

"Sun kai."

"Idonsa lafiya? Ba ya shaye-shaye? Ba a taɓa ɗaure shi kan faɗa ba?"

"Ko kaza bai taɓa duka ba."

"Yana da cikakken hankali?"

Dagaci ya kalli tabarma, ya kalle ni, ya gyara rawani. "Yallaɓai, wannan dai a ba ni zuwa kaka in ƙara dubawa."

Aka riƙe bindiga a ajiya. Na koma Turawa da tabarma a hammata, na ƙare damina ina kaɗa wa birai gwangwani, su kuwa suna cin masara suna kallona. Ɗan abin da suka rage mana bai kai mu bazara ba, sai da Kawu Sale ya buɗe mana rumbunsa.

Tun daga ranar, duk abin da zan ɓoye sai na fara ajiye shi a ƙasa, na ja da baya, na tambayi kaina da me ya yi kama. Lasisi kuwa, ƙanena aka ba a shekarar da ta biyo. Shi a buhu ya dawo da bindigar gida.