Tayoyin Tirelar Gwaggo Tasalla

A wani daji can bayan duwatsu, duk shekara idan ruwa ya janye dabbobi sukan tashi su koma Tafkin Maje, tafiyar kwana uku. A cikinsu akwai wata tsohuwar giwa, Gwaggo Tasalla. Rabin dajin nan ita ta goya su ta haye kogi da su suna ƙanana. To, gwiwa ta gaji. Bara da ƙyar ta kai tafki, bana kuwa kowa ya san idan ba a ɗauke ta ba, a nan ƙishirwa za ta same ta.

Sai suka yi abin kirki. Suka sayo mata tirela sabuwa fil daga kamfani, irin mai ɗaki a kai, da taga da labule, wadda ake ɗaurawa a baya a ja. Jatau, wani ƙaton ɓauna, ya ce shi zai ja.

Kowa ya zo yana shafa fenti. Tabawa bushiya, mai facin taya a bakin kasuwa, ita ƙasa ta shiga. Ta danna taya, ta shinshina, ta fito tana karkaɗe jiki.

"Waɗannan tayoyin a canza su," in ji ta.

Aka kira majalisa a gindin tsamiya. Baba Cindo kunkuru ne shugaba, don shi ba ya gaggawar yanke komai. Ya ba Tabawa dama.

"Baba, kamfani ya sa waɗannan ne don tirela ta fito daga ƙofarsu da kyan gani. Fatarsu kamar ta albasa. Katifa da buta za su ɗauka, su kai ka gidan biki su dawo. Hanyar Maje kuwa tsakuwa ce da ƙaya, ga rana, ga kuma nau..."

Majalisa gaba ɗaya tari ya kama ta. A dajin nan ba a cewa babba yana da nauyi. Sai dai a ce yana da kwarjini.

Hajiya Dubu jimina ta miƙe, ta gyara wuya.

"Ni dai ban taɓa jin an sayo abu sabo an kama kwance shi ba. Ku duba 'yan gashin nan na jikin taya, ko ɗaya bai kaɗe ba. Waɗanda suka ƙera ɗaki har da labule, taya ce za ta gagare su? Kuma, ba don in ɓata wa kowa ba, mai ƙaya a baya ita ce ke ganin faci a ko'ina."

"Hajiya, da ciniki nake nema ai shiru zan yi, in bi ku a baya da gam."

Aka kwana biyu ana abu ɗaya, kowa na zagaye kalmar nan. Rana ta uku Gwaggo, da ke kwance a gefe ana zaton barci take, ta buɗe ido ɗaya.

"Cindo, ni ce nauyin. Tun kana ƙwai nake da shi. Ku bar yarinya ta faɗi maganarta."

Shi ke nan aka sayo manyan tayoyi huɗu, masu kauri da zanen haƙora, kowace a naɗe cikin leda mai ƙyalli. Da Hajiya Dubu ta gan su, sai ta manta ta taɓa ƙin su.

"Waɗannan za a saka a ƙura? Kafin mu kai Maje sun zama kamar na gwanjo. A bari sai mun hango tafki tukun a ɗaura, mu shiga da su suna walƙiya, mutanen can su san yadda muke riƙe tsofaffinmu."

Baba Cindo ya ji daɗi, don ya sami hukuncin da ba wanda zai koma gida a kaye. An sayo taya, Tabawa ta yi nasara. Ba a ɗaura ba, Hajiya ta yi nasara. Tabawa ta buɗe baki, aka ce mata an riga an shafa fatiha.

Aka ɗora tayoyin nan huɗu a kan rufin tirela, aka ɗaure da igiya. Gwaggo ta shiga. Jatau ya ja, ya tsaya, ya waiwayo.

"Kwarjinin ya ƙaru," ya ce, ya ci gaba.

Tabawa kuwa ba ta zauna ba. Ta ɗauko sifana da jak na ɗaga mota ta bi su a baya.

Ba a kai azahar ba, a tsakiyar fakon tsakuwa inda ko inuwar kara babu, tayar baya ta hagu ta fashe. 'Yar'uwarta ta ji, ta bi ta. Tirela ta karkace, Gwaggo ta zame ta toshe taga. Ruwan salka ba zai kai gobe ba.

Aka lallaɓa aka sauko da Gwaggo. Tabawa ta kafa jak, ya nutse a ƙasa. Aka sa dutse, dutse ya tsage. Baba Cindo ya fara cewa a zauna a duba lamarin.

"Matsa, Cindo," in ji Gwaggo.

Ta ja gwiwa ta durƙusa, ta zura haure ƙarƙashin tirela, ta ɗaga gefe guda kamar faifai.

"Tabawa, yi sauri, 'yar nan. Na zo a ɗauke ni ne, ba in ɗauka ba. Dubu, ke mai dogon wuya, sauko mana da kayan adonki."

Hajiya Dubu da bakinta ta yage ledar, a hankali, kada ta lalace. Tabawa na kwance noti tana ɗaurewa, Jatau na mirgino taya. Kafin la'asar duka huɗun sun hau.

Daga nan tirela ba ta ƙara ko tari ba. Suka ratsa ƙaya, suka ratsa taɓo, suka isa Maje tayoyi sun yi futu-futu. Ba wanda ya dube su. Dabbobin can Gwaggo suka kewaye, don tun bara sun yi ban kwana da ita. Ta shiga ruwa har kunne, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari majalisa ta zauna, ta yaba wa kanta da hangen nesa, tunda ta sa an ajiye tayoyin kusa da inda za a buƙace su. Sunan Tabawa bai fito ba, amma tun ran nan a inuwar kunnen Gwaggo take kafa kayan facinta.

Ledar kuwa tana wurin Hajiya Dubu a ninke, kuma har yau ledar nan ba ta taɓa yin faci ba.