Gyalen da Ya Shigar da Ni Jam'iyya

Ba zan taɓa mantawa da makon da na shiga siyasar Indiya ba, ni da ko a zaɓen shugabar aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Ina shekara ta biyu a jami'a a nan Dubai malaminmu na kimiyyar siyasa ya raba mana aikin ƙarshen zango. Nawa ya faɗo kan yadda wata jam'iyyar yanki ta taso a cikin mutanen Telugu na kudancin Indiya, wadda wani jarumin fim ya kafa don a daina raina yankinsu. Sharaɗin aikin shi ne hira biyu: ɗaya da masoyin jam'iyyar, ɗaya da mai adawa da ita.

"Ke 'yar kallo ce," in ji malam. "Ranar da na ga kin ɗauki ɓangare, makinki ya tafi."

Karatu bai dame ni ba. Na cika littafin rubutu guda da biro kala uku. Magana da mutane ce matsalata (ni da ko mai shago ya ba ni abin da ban tambaya ba, godiya nake yi in tafi). Sai Lavanya, 'yar ajinmu, ta cece ni. Ta ce babanta masoyin jam'iyyar ne na gani-kashe-ni, abokinsa Mista Srinivas kuwa ko sunanta ba ya son ji.

Ranar Asabar na je gidansu a unguwar Karama. Na tarar da baban da abokansa cike da falo. Aka zuba mini shinkafa da miyar da ta sa na fara hawaye tun kafin hira. Baban ya ba ni labarin yadda yana yaro ya bi motar jarumin nan a guje har takalminsa ya tsinke. Can Lavanya ta sauka sayo madara, sai ya juyo gare ni.

"To 'yata, bayan duk karatun nan, ya kika ga jam'iyyarmu?"

Idanu duk a kaina. Na ce, "Tarihinta ya burge ni ƙwarai, Baba."

Falo ya ɗauki tafi. Maman Lavanya ta shiga ɗaki ta fito da wani gyale rawaya, ta yafa mini a kafaɗa. Ni kuwa tarbiyyar gida ta motsa, na durƙusa har ƙasa ina godiya. Wani ya ɗauki hoto. (E, na san rawaya ce launin jam'iyyar, har layi na ja a ƙarƙashin wannan jimla a littafina da jan biro. Amma na kuma karanta cewa launin alheri ne a wurinsu saboda kurkur, kuma a garinmu Kano in babba ya ba ka tufa, karamci ne kawai.)

Ranar Litinin na wanke gyalen nan, na goge shi tas. Ya shiga da atamfata mai furanni kamar tare aka saye su. Na ce bari in girmama al'adar mutanen Telugu. Na yafa, na kafe shi da fil huɗu, na nufi ofishin jigilar kaya da Mista Srinivas yake aiki a unguwar Port Saeed, a nan Dubai.

Ya dube ni, ya dubi gyalen. Na buɗe littafina na karanto gabatarwar da na haddace.

"Ni ɗaliba ce, yallaɓai, ba ni da ɓangare a wannan..."

Ya ɗaga hannu. Ya lalubo wayarsa ya juyo mini da ita. Ga ni nan a durƙushe, ido jawur saboda barkono, kai ka ce kukan farin ciki nake.

"Tun shekaranjiya abokina ke turo mini wannan," ya ce. "In fassara miki abin da aka rubuta a ƙasa? Ɗaliba daga Najeriya ta shigo jam'iyya da hawaye."

Nan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa 'yar firamare. A siyasarsu, in mutum zai shiga jam'iyya, gyalenta ake yafa masa a gaban jama'a. Shi ke nan ya zama nasu.

Na kai hannu zan cire. Fil huɗu. Na farko ya soke ni, na biyu ya maƙale a ɗankwali. Ina ta kokawa da wuyana, shi kuma yana dariya har da buga tebur.

"Bar shi, bar shi. Zauna in gaya miki abin da waɗancan ba su gaya miki ba."

Ya fi awa biyu yana magana, da zafin mai son ƙwato 'yar da aka sace masa. Ban taɓa samun hira mai daɗin wannan ba. Da muka gama ya jawo aljihun tebur ya fito da wani gyale mai launi daban. Na dafe wuyana da hannu biyu na ja da baya har na ture kujera.

Hoton ya riga ya kai ajinmu, don haka ban jira malam ya gani a wani wuri ba. Na rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan a shafin ƙarshe na aikin, na miƙa. Da takardar ta dawo, maki na nan lafiya, a gefen shafin kuma ya rubuta: "Nan ne kaɗai na ji muryarki. Amma ki yi murabus."

Murabus ɗin dai bai karɓu ba. Har yau in zaɓe ya matso, baban Lavanya yakan aiko ta ta gaishe da 'yar jam'iyyarsu ta Kano. Ni kuwa na koyi darasina: duk wanda ya tunkaro ni da ƙyalle a hannu, ko tawul ne, sai na tambayi me aka rubuta a jiki kafin in durƙusa.