Mai Tumbi, Tantin da Tsafta Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da maganganun da tarbiyya ta hana a furta, iyalan Mola Ndive na ƙauyen Bova, tare da mu abokan aikinsa masu kai baƙi ƙolin Dutsen Fako, muna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tantinsa, wanda kowa ya sani da suna Mai Tumbi. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da la'asar, a can saman dutse inda daji ya ƙare ciyawa ta fara, bayan gajeruwar rashin lafiya da mutane suka ɗora masa da hannunsu. Ba tsufa ba ne ya kashe shi, ba guguwa ba, ba ɓera ba. Wanke shi aka yi.

Mola Ndive (Mola a nan lakabin girmamawa ne, kamar a ce Malam) ne ya nemi a rubuta masa wannan sanarwa, domin shi in ya buɗe baki a 'yan kwanakin nan, abin da zai fito ba na karantawa a coci ba ne.

An samo marigayin a layin 'yan gwanjo na kasuwar Muea, tun Ndive yana sabon ango, ƙafa da ƙarfi, kai da taurin tsiya. Shi ƙaramin tanti ya je nema, na mutum biyu, irin wanda ake cusawa a jakar baya a manta da shi, tunda doron bayansa ne zai hau dutse da shi. Matarsa, marigayiya Namondo, ta leƙa cikin wanda ya zaɓa, ta fito da baya tana rarrafe.

"Maigida, wannan kuma kabarin wa ka zo saya?"

"Ke, ana duba nauyi fa. Ke za ki ɗauka?"

"Ni da nake sauko da buhun gwaza daga gona kake wa maganar nauyi? Mai kaya, kafa mana wancan koren mu gani."

Aka kafa shi a tsakiyar kasuwa. Namondo ta shiga, ta miƙe tsaye, ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, kanta bai taɓa rufi ba. Sannan ta kwanta ta miƙe ƙafa, ta yi juyi dama da hagu, mutane suna kallo.

"Ga wurina nan, gefen hagu," in ji ta. "Ga naka. Can kuma na yara."

"Waɗanne yara? Ko ɗaya ba mu da shi."

"To a cikin wancan ramin ɓeran naka za mu same su?"

Kasuwa ta kwashe da dariya, har mai sayar da barkono sai da ta riƙe ciki. Ndive ya saya yana ƙunƙuni. Tun daga ranar suka raba nauyin marigayin biyu: shi ya goya ƙyallen, ita ta ɗauki sanduna da turaku. In kuma bakin teku za su kai baƙi, a naɗe shi a jefa bayan mota, ya bar wa tukunya da garwar ruwa wuri.

Marigayin mai yalwar ciki ne, bai taɓa cewa ya cika ba. Ya kwanar da mutum shida da jakunkunansu, ya kwanar da takwas ranar da ƙanƙara ta koro wasu ɗalibai. Ya rufa asirin manyan mutane da dutse ya juya wa ciki, ya sha munsharin wani fasto bai kai ƙara ba. Ba shi da yawan magana. Da safe zif ɗinsa yakan ce zirrr, sau ɗaya tak, ba gardama. In iska ta taso yakan ce faf, faf, faf, kamar dattijo yana kakkaɓe riga. In ruwa ya sauko, irin ruwanmu na nan da ba ya jin roƙo, sai ka ji tatatata a sama, kai kuwa kana ciki a bushe kana shan shayi. Ko ɗigo bai taɓa bari ya shiga ba. A rubuta wannan da kyau, don akwai masu son su ce dama ya tsufa.

Aibinsa ɗaya ne. Namondo takan shafa baƙin alayyadi a gashinta kafin ta kwanta, kanta kuma yana gogar bangon hagu. Shekara da shekaru man yana shiga ƙyallen, har ya zama baƙin tabo mai faɗin faifai. Ndive ya yi ta mita a kan tabon nan tsawon aurensu. Bara Namondo ta rasu, tabon ya zauna. In rana ta bugi bangon da hantsi, ƙamshin man yakan tashi ya cika tantin, kamar yanzu ta fita ɗauko itace. Tun daga lokacin Ndive bai sake kwantar da baƙo a gefen hagu ba, jakarsa yake ajiyewa a wurin. A gida barci ba ya ɗaukarsa, shi ya sa ko wane irin baƙo ya zo, ko marowaci ne, shi ne na farko wajen cewa zai kai shi. Mu masu ɗaukar kaya duk mun san dalili, babu kuma wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga bikin cire baƙaƙen kayan makoki na ita Namondo ɗin, da danginta suka shirya a Bonakanda da ta cika shekara. Baƙi sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan. Sai Iya Efosi, yayar marigayiyar, ta aiko a ba ta aron Mai Tumbi. Abin da aka nema don mamaci ba a hana shi, balle mamacin matarka ce. Ndive ya kai shi da kansa, ya kafa da kansa, ya tsaya gaban Iya Efosi ya yi mata magana da baki, ba da hanci ba.

"Iya, don girman Allah, in an gama kada a wanke shi. Kada sabulu ya taɓa shi. A kakkaɓe kawai, in zo in ɗauka."

"To, mijin ƙanwata, na ji."

Ta ji! Ai matsalar ke nan, ta ji shi irin jin da muke wa juna. A nan in ka ba da aron tukunya ka ce kada a wahala da wanki, kunya ce kake nunawa, mai aro kuma ya san aikinsa. Matar da ta mayar da kayan aro da datti, sai jikokinta sun ji gorin a bakin rafi. Iya Efosi kuwa mace ce da take wanke tsintsiya bayan ta yi shara. Ta ɗauka surukinta kara yake mata, ta ce a ranta za ta nuna masa daga gidan da Namondo ta fito.

Bisa shaidar waɗanda suka ga abin da idonsu, kuma ba su hana ba, Allah Ya saka wa marigayin, an ja shi zuwa rafi. An jiƙa shi cikin garin sabulu tun safe har rana ta take. An shimfiɗa shi kan dutse, mata huɗu suka hau shi da buroshin wanke kujera. Ɗan siririn shafen roba da ke cikinsa, wanda shi ne ransa, shi ke hana ruwa shiga, suka ga yana saɓulewa suka ce, "Kun ga dattin yana fita!" Suka ƙara ƙaimi. Da ya bushe, sai aka zuba gawayi a dutsen guga aka bi ɗinkinsa layi layi. Guga! Tanti! Kai jama'a, ko wandon ango ba a yi masa wannan gata.

Ita da kanta ta kawo shi Bova, a ninke kamar zanin amarya, da ƙunshin kwakoko mai zafi a kai, wato dafaffen gwaza da ake naɗewa a ganye, tunda ba a mayar da kayan aro hannu sake. Fuskarta sai sheƙi take.

"Mola, ga ɗanka na yi masa wanka. Amma kai ma ƙazami ne! Wani baƙin maiƙo na samu a gefe guda, ya ƙi fita. Sai da na zuba masa bilic na sa dutse na goga, hannuna har ya ɗaye. Duba."

Ndive ya dubi hannun nata. Ya dubi tantin. Ya kai ƙyallen hancinsa, ba ya jin komai sai sabulu. Limunga, babbar 'yarsa, tana tsaye bakin ƙofa tana kallon mahaifinta. Iya Efosi tsohuwa ce, yayar matarsa ce, ta tako daga Bonakanda da abinci a ka. Me zai ce?

"Na gode, Iya. Sannu da aiki."

Wannan godiyar ita ce ta tsaya masa a wuya har yau. Da ɓarawo ne ya sace tantin, da ya bi shi da adda. Da akuya ce ta ci, da tuni an sha romonta. Amma an kashe maka abu da alheri, an haɗo maka da kwakoko, an kuma tsaya ana jiran ka yaba. Garin gyaran gira an tsone ido, mai idon kuma shi ke cewa sannu.

Duk da haka marigayin ya yi ƙarfin hali ya hau dutse aikinsa na ƙarshe, da wasu ma'aikata uku daga Yawunde. Aka kafa shi, ya tsaya kamar lafiyarsa ƙalau. Da la'asar hadari ya haɗo. A sama aka ji tatatata kamar kullum. Can sai aka ji wani sauti da marigayin bai taɓa yi ba a rayuwarsa, kuma daga ciki: ɗis. Aka ɗan jima. Ɗis. Daga bangon hagu yake fitowa, daidai inda aka goga da dutse, domin nan ƙyallen ya fi cin wuya. Kafin a tafasa shayi duk ɗinkin ya buɗe baki, ruwa yana zuba ta ko'ina.

"Mola, wannan tanti ne ko rariya?" in ji ɗaya daga cikin baƙin, yana ɗaga takalminsa sama.

"A waje ma ruwan bai kai haka ba," in ji na biyun.

Ndive ya janye jakarsa daga gefen hagu, ya zauna a wurin, ya tara tafin hannunsa ƙarƙashin ɗigon. Mu muka tattara baƙi muka gangara da su bukkar mafarauta. Da muka dawo ɗaukar kaya muka same shi yadda muka bar shi, ya jiƙe sharkaf, yana zagin sabulu da wanda ya ƙirƙiro shi. A nan muka tabbatar rai ya yi halinsa.

Marigayin ya rasu ya bar sanduna masu lafiya da ba su da abin tallafa, da igiyoyi, da turaku waɗanda ɗaya daga cikinsu tsohon cokali ne, da jakar da ta goya shi tsawon rayuwarsa. Ya bar Limunga da ƙannenta biyu, waɗanda marigayin ya san asalin zuwansu duniya fiye da ungozoma. Ya bar Mola Ndive, wanda yanzu ba shi da wurin barci.

Iyalan suna roƙon masu zuwa gaisuwa su kiyaye harshensu. Duk wanda ya ce "ai tanti ne kawai", a bakin ƙofa zai juya. Wanda ya ce a sayi sabo, ya je ya saya ya kwana a ciki shi da uwarsa. Wanda kuma ya ce Iya Efosi da kyakkyawar niyya ta yi, mun sani. Da da mugunta ta yi, ai da tuni an huce.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a bayan gidan Mola Ndive. Ba za a yi wa gawa wanka ba, an riga an yi. Za a yanka rufin a ba maƙwabcinsu Mola Ewange ya rufe kejin kajinsa, in kajin sun yarda da yoyo. Shimfiɗar ƙasa za ta koma shanyar barkono. Sanduna za su tallafi doya a gona. Akwai bammi da gasasshen agade, kowa ya zo da kofinsa, ya kuma shigo da taɓon ƙafarsa, kada wanda ya goge.

An keɓe wa Iya Efosi kujera a gaba. Ana roƙonta ta bar buroshi a gida. Kuma tunda Mola Ndive ba zai iya faɗa mata da bakinsa ba, ya ce a sa a nan, wanda ya iya karatu ya karanta mata a hankali, tana zaune. Iya, baƙin maiƙon nan da ya ɗaye miki hannu, kan Namondo ne. Man kuwa naki ne, alayyadin da kike soyawa kina aiko mata a kwalba tun tana amarya.

Bangon hagu ba ya cikin rabo. Bilic da dutse sun cinye launin wurin, sun bar farin tabo mai faɗin faifai, daidai girman na da, daidai inda yake. Mola Ndive ya yanke shi da almakashi ya shimfiɗa a kan matashin da ke gefen hagu na gadonsa. Ya ce in Iya tana da sauran man nan, ta zo da kwalba ɗaya.